Wa Zai Tsaya wa Yaron?

Litinin, 5 ga Yuli, 1965
Yaron ya ci jarrabawar shiga jami'ar gwamnati ta Zariya. Gwaggo Kulu, yayata da ta riƙe shi a Kurfi tun yaye, ta aiko a gaya mini. Na ce madalla, na ci gaba da yi wa shanun Dabawa allura. Me zan ce a gaban mutane? Ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, haka na taras ana yi.

Juma'a, 9 ga Yuli
Abinci, ɗaki, littattafai, duk gwamnati. Ashe jangalin da makiyaya ke yi mini ƙorafi a kai yana zuwa wani wuri. Sharaɗi ɗaya: waliyyi ya tsaya gaban jami'in ilimi ya ce shi ne, ya sa hannu. Na aika wa ƙanena Jibo a Kutawa ya zo ya tsaya. Aikinsa ne, baffa ne.

Talata, 13 ga Yuli
Innalillahi. Ruwa ya kwana yana zuba, rafi ya cika, Jibo bai ƙetaro ba.
Jami'in ilimi ya zo yau. Baƙo ne, bai san al'adarmu ba. Ya kira yaron, ya ce ina ubansa, har sau nawa. Ina zaune a wurin, cikin dattawa, kowa ya sunkuyar da kai yana taya ni kunya. Yaron bai dube ni ba, shi ma tarbiyya ta hana shi. Bakina ya yi nauyi, wallahi kamar an ɗaure. Mutumin ya tattara takardunsa, ya ce wanda ba shi da mai tsaya masa za a ba wani gurbinsa. Ya shiga mota.

Laraba, 14 ga Yuli
Ban je aiki ba.

Alhamis, 22 ga Yuli
Jibo ya zo da shawara. Wai akwai kwalejin wani attajiri a Ikko, ba ruwansu da waliyyi, ka biya ka shiga, daga baya su haɗa ka da digirin ƙasar waje. Kuɗin zango guda sai an sayar da bijimai biyu, ban da ci da kwana. "Yaya, mu sayar mana, shanu na haihuwa." Jibo ke nan, komai a bakinsa mai sauƙi ne.

Asabar, 31 ga Yuli
Na nemi Ilu tela, wanda ya yi shekara a irin wannan makaranta ya dawo. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ɗakuna biyu a saman kanti. Malami ya koyar yau, gobe ba a biya shi ba ya kama gabansa. Littafi ɗaya ake karɓa-karɓa. Ya ce akwai masu kyau, ba ƙarya, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin garkenmu gaba ɗaya. "Malam, ita gwamnati ko ɗalibi bai biya ba fitilarta na ci. Su kuwa kai ne kananzir ɗinsu."
Raina ya ɓaci, ba da Ilu ba.

Lahadi, 1 ga Agusta
Kurfi. Gwaggo Kulu ba ta ko ba ni ruwa ba. "Kai Tukur, kunya ce za ta koya masa likitanci?" Ita da ta koya mini kunyar!
Yaron ya zo ya durƙusa daga nesa. Ya ce kada a taɓa shanu saboda shi, zai nemi aikin koyarwa. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ina jin tsoro ya riga ya haƙura da ni.

Alhamis, 5 ga Agusta
Katsina, a motar gyaɗa. Ba don komai ba, dama ina da maganin dabbobi da zan karɓo. Na biya ofishin jami'in ilimi. Cike da mutane, har da 'yan garinmu biyu da suka san ni sarai. Jami'in ya ce gobe za a rufe sunaye, wa nake nema wa?
Na faɗa. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya.
Manu. Manu Tukur, ɗana ne, na fari.
'Yan garinmu suka kalli ƙasa. Ya miƙo alƙalami. Na karɓa na sa hannu.