Mama da Ɗan Sandan Unguwa

Litinin, 3 ga Maris
Na kai Mama ofishin ƙaramar hukuma a nan Gent, ƙasar Beljiyam. Matar da ke ofishin ta ce tunda ina aiki kuma ni ke ciyar da ita, doka ta ba ta ikon zama da mu. Saura abu ɗaya: ɗan sandan unguwa zai zo ba sanarwa, ya gani da idonsa a gidan nan take kwana. In bai gan ta ba, ba katin zama. Ba kati, ba likitan ƙafarta, sai ta koma ƙauyenmu a Romaniya, gidan da ba kowa tun rasuwar Baba. Na manna sunanta jikin ƙararrawar ƙofa, Safta Dobre.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta ɓare sunan! Wai wa ke rubuta sunansa a ƙofa in ba mai neman a zo a tafi da shi ba. Na sake mannawa.

Talata, 11 ga Maris
Ɗan sandan ya zo ina wurin shara a otal. Mama ta leƙa ta taga ta ga kaki, ta kashe rediyo, ta shige banɗaki ta kulle. Har alfahari take min.
"Ko tari ban yi ba, Viorica."
Na ce Mama, ai KE ya zo gani!
Ta ce, "Shi ya sa."
Kai, ni kam na shiga uku.

Laraba, 12 ga Maris
Costel mijina ya sha dariya har da riƙe ciki. Wai surukarsa ta fi ɓarayin Gent iya ɓuya, a ba ta lambar yabo. Ta ce masa, "Kai rufa min baki, mai ƙaton ciki, ba a gabanka aka tafi da mijina kan buhun masara ba." Zamanin da gonakinmu duk na gwamnati ne ke nan, ina goye. Na sani. Amma nan ba can ba ne, sau nawa zan faɗa?

Laraba, 19 ga Maris
Karo na biyu. Banɗaki kuma.

Juma'a, 21 ga Maris
Na je ofishin. Matar ta ce in ya sake zuwa bai same ta ba, zai rubuta ba ta zaune a nan, magana ta mutu. Na roƙi hutu a otal, sun hana. Yau na yi wa Mama tsawa irin wadda ban taɓa ba. Na ce to ki koma, na gaji! Har na duba motar da ke tafiya gida ranar Lahadi ta sama. Ta ci gaba da tsince alkama. Sadakar shekarar Baba kawai ke gabanta.

Asabar, 29 ga Maris
Ranar sadakar. Mama ta dafa alkama da zuma da gyaɗar turawa, ta gasa burodi mai kitso. A wurinmu duk wanda ya gifta ƙofarka ranar nan sai ka miƙa masa burodi da kyandir a kunne, hana shi kamar hana mamacin ne. Tana tsaye bakin ƙofa tana tare 'yan Beljiyam, suna karɓa suna kallon juna.
Sai ga keke. Sai ga kaki.
Ta dubi banɗaki, ta dubi burodin. Ta ce a hankali, "Na mijina Vasile ne, ba nawa ba." Ta miƙa masa.
Ɗan sandan, ashe yaro ne ma, ya karɓa, ya rasa yadda zai yi da kyandir da hula. Ya ce, "Madam Dobre?" Ta ce min, "Gaya masa ya ce Allah ya karɓa tukuna." Ya faɗa da harshenmu a karkace. Ya shiga ya ga gadonta da magungunanta, ya tafi da burodinsa.
Mama ta ce ramamme ne, uwarsa ba ta ba shi abinci.

Litinin, 7 ga Afrilu
Sun kira daga ofishin, a kawo hotonta na kati.
Ruwa ya jiƙa takardar ƙofa, na je an yi mana allon suna na ƙarfe. Mai yin allon ya ce sunaye nawa? Tun zuwanmu sunan Costel kaɗai ke jikin ƙofa, kullum ina cewa ai baɗi za mu koma. Na ce uku.
Kuɗin ɗaya ne dai, shi ya sa.