Sai Kin Sa Hannu Zan Ga Likita

Taroudant, 3 ga Maris

Assalamu alaikum 'yata Zhor. Ya sanyin Tanja, ya ɗinki?

Kada ki ɗaga hankalinki. Wani ƙullutu ya fito mini a wuya, burodi ma sai na jiƙa shi a shayi yake wucewa. Ke kaɗai na haifa, kin kuwa san ranar da na faɗi rabin gidan nan na baffanki Bouchta ne. Tuni ya fara auna tsakar gidan da ido.

Na je wurin malaman shaida na kotu in rubuta miki wasiyya, suka ce babu wasiyya ga magaji, sai dai kyauta. Ita ma sai ina da lafiya, na kwashe kayana sun ga gidan wayam, ke kuma kin sa hannu kin karɓa. In takardar asibiti ta riga ta kyautar, Bouchta zai ce kyautar ciwon ajali ce, alƙali ya soke ta. Don haka sai an gama zan ga likita.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Mbarek

Tanja, 8 ga Maris

Baba, ina gaisuwa.

Innalillahi! Tunda na karanta wasiƙarka, yau sau biyu allura ta soke ni. Na tambaya, an ce takardun nan sai su ci wata biyu. Wata biyu, Baba, da abu a wuya? Haka Inna ta yi ta cewa gobe, gobe, har muka binne ta. Don girman Allah ka tafi asibiti.

'Yarka, Zhor

Taroudant, 15 ga Maris

Zhor, bayan gaisuwa.

Ji min yarinya, ni za ki koya wa? Kin manta 'ya'yan maƙwabcinmu Lahcen? Ana zaman makokinsa dangi suka raba har katifun da suke kwana a kai. Shekararki arba'in da biyu, aurenki ya mutu, ɗakin haya kike. Ranar da idonki ya daina ganin kafar allura, wa zai buɗe miki ƙofa?

Na riga na fita daga gidan. Ina wani ɗaki a bayan majema, ni da tabarma da butar shayi. Muryata ta ɗan dishe, ba komai ba ne. Ki zo kawai ki sa hannu.

Babanki

Tanja, 20 ga Maris

Baba, ka gafarce ni, ban taɓa yi maka musu ba sai yau.

Kyauta sai an karɓa, ni kuwa ban karɓa ba. Ko maƙala mini alƙalamin aka yi a hannu ba zan sa ba. Ka zauna a bayan majema har shekara, gidan naka ne. Baffa ya ɗauki rabinsa, ya haɗa da ƙofar. Ba zan kwana a gidan da ya cinye mini uba ba.

'Yarka mai neman yafiya, Zhor

Taroudant, 27 ga Maris

'Yata, salamu alaikum.

Taurin kan uwarki kika ɗauko. Na je asibiti. Sun buga wa takardata hatimi, ranar Litinin za su yi mini aiki. Ban sami mai raka ni ba sai Bouchta. Shi ya riƙe takardar, na ga ya karanta kwanan watan har sau biyu.

Rabin gida ya tafi, ki yafe mini. Ki zo, Zhor. Ban taɓa kwana a asibiti ba, tsoro nake ji.

Babanki