Faɗuwar Yaya Sanusi a Bakin Raga

Daren Asabar, 9 ga Maris

Barci ya ƙi zuwa. Yau Yaya Sanusi ya tsare wa ƙungiyar unguwarmu gida a Zango, wasansa na farko tun da ya ajiye kakin soja. Yana ta cafke ƙwallo har na fara cika baki. Can babur ɗin wani ɗan kabu-kabu ya yi ƙara a bayan fili kamar harbi. Yaya ya zube rub da ciki, ya rufe kai da hannuwa, ƙwallo ta shige raga. Mutane suka bushe da dariya. Ban yafe musu ba.

A hanya na ce, "Yaya, ci ɗaya ne fa."

Ya ce, "Ba shi ne damuwata ba, Habu. Da na ɗago, yaranmu na fara dubawa, in ga wa aka harbe."