Jan Tauraron da Yaya Ya Ƙara

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Na san mun daɗe ba mu yi magana ba, amma abu ya taso.

Taswirar da za a buga gasar ƙarshe ta wasanmu na kwamfuta na yaƙin taurari ta samu matsala. 'Yan wasa sun gano duk wanda ya fara daga dama shi ke riga isa duniyar ma'adinai ta tsakiya, ya tara jirage kafin na hagu ya motsa. Sun ce ba za su buga a kanta ba. Yarana a ofis sun duba har sun gaji. Ki zo ki gani, ko don sunan gidanmu.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Na amsa gaisuwa. Yau kuma ni ce ƙanwa?

Taswirar nan ni na zana ta a ɗakin saman shagon Baba, fanka na kaɗa min takardu, tun kafin ka buɗe kamfani. Na auna kowane mashigi da jirgi mafi sanyin tafiya, na buga daga hagu, na buga daga dama, har sai da na kasa gane inda ya fi. Ranar da aka nuna ta, ina tsaye a bayan zaure ka ce wa mutane, "Ƙanwata ce, tana ɗan taya mu fenti." Aka yi dariya. Da na yi magana a mota, ka ce in bar makullin ofis a kan teburi.

Na ga matsalar tun a hoton talla. Jan tauraron nan da ka liƙa a hagu don taswira ta yi kyau, yana jan jiragen da ke wucewa kusa da shi, yana rage musu gudu. Amma kada ka yi murna, cire shi kaɗai ba zai isa ba, don ka matsar da duwatsu da yawa kafin ya samu wuri. Ni kaɗai na san inda suke a da.

Zan gyara idan ka tsaya gaban 'yan wasa ka faɗi wanda ya zana da wanda ya ɓata.

Ka gaida iyali.
Auta

Auta,

Gaisuwa. Ke yanzu so kike in tozarta kaina a gaban yaran da nake ba aiki? Wa zai sake yarda da kamfanin? Zan sa sunanki a jerin waɗanda muke gode wa, ki bar maganar haka. Mama ta ce in faɗa miki ba ta son rigima tsakaninmu. Ki yi tunani.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi tunanin.

Na je wurin Mama da kaina. Ashe ba ta ma san ka kore ni ba, ce mata ka yi ni na gaji na tafi. Yanzu ta sani.

Daga can na wuce wurin masu shirya gasar da tsohuwar kwamfutata. Na buɗe musu taswirata ta asali, muka ajiye ta gefen taka. Suka kira zakarun wasan biyu suka buga a kan tawa, suka sauya gefe, suka sake bugawa. Na hagun ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya ce, "Wannan in na faɗi, ni na faɗi." Ba wanda ya tambaye ni wa ya saka jan tauraron, don sa hannunka na jikinsa.

A kan tawa za a buga gasar, da sunana a kusurwa. Na ba su kyauta. Sun kuma ce ni zan zana musu ta baɗi, ba kamfaninka ba.

Na ajiye maka kujera a layin gaba.

Ka huta lafiya.
Auta

Auta,

Na samu saƙonki. Yarana biyu sun ajiye aiki, an ce wurinki suka nufa. Mama ba ta ɗaga wayata.

In fara magana da ita, ko da ke? Ki faɗa min.

Yayanki