Hannun Hagu da Kwanon Tuwo

Ɗana Iliyasu,

Assalamu alaikum. Yaya Bawku, yaya kasuwar shanu? Yaya iyalinka da jikokina? Mu nan Salaga sai godiya.

Kada ka yi wa rubutun nan dariya, da hagu na yi shi. Ko da dama ma, malaminmu cewa yake kamar tonon kaji.

Makon jiya na koma wurin likita a Yendi. Na ce masa wata biyu ina shafa wa hannun dama man kaɗanya, ya ƙi tashi. Sai ya zana mini ƙwaƙwalwa a takarda, ɓari biyu. Ya ce, "Baba, hannun ba shi da laifi. Jijiyar da ke kai jini ɓarin hagu ce ta toshe, kuma hagun ne ke juya dama." Ashe gada ta karye a wani gari, ubanka yana can yana gyaran hanya a wani. Ya ce in sha magani, in riƙa motsa hannun.

Tuwo ne damuwata. Shekara talatin kwano ɗaya muke ci da abokaina su Alhaji Sule a gindin darbejiya. Yanzu ta yaya zan tsoma hagu a kwanon mutane? Sun ce ba komai, kunya ta hana ni. A ɗaki nake ci, ni da rediyo, shi kuwa bai taɓa ce mini in ƙara miya ba.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da mutanen gidan. In ka samu sarari ka zo, ko kwana biyu ne, mu ci kwano ɗaya. A gabanka hannun hagu ba ya jin kunya.

Mahaifinka,
Ɗanjuma