Ban ji ƙamshin turaren Umma ba

Daren Talata, unguwar Setapak, Malesiya

Ban gaya wa kowa ba: na cire takunkumin fuskata a garin Melaka.

Umma ta bar ni na bi maƙwabtanmu, su Mei, hutun kwana biyu, da sharaɗin kar in cire takunkumi, kar in taɓa karensu. A gidan tarihi na yi biyayya, don an bar karen a masauki. Da muka shiga jirgin ruwa da karen ne ya yi ta min haushi, sai Jun, yayan Mei, ya ce, "Rufaffiyar fuska yake tsoro. Nuna masa." Na sauke. Karen ya yi shiru, ya lashi hannuna. Jun ya tsaya yana kallona irin kallon cikin littattafaina, ni kuwa ban mayar da takunkumin ba har muka sauka.

Yau Mei ta rubuto, wai an gwada Jun, korona ce.

Bayan magariba Umma ta sa turaren wuta, Abba yana tari yana cewa, "Hajiya, ki tausaya wa mai asma mana!" Ni ban ji ƙamshin komai ba. Na cusa hancina a kwalbar turaren, shiru. Wayyo Allah.

Kullum Abba ke shigowa ya tashe ni sallar asuba, har ya dafa goshina. Bakina ba zai iya faɗa ba, shi ya sa na rubuta masa komai, har da Jun. Yanzu zan tura takardar ta ƙarƙashin ƙofarsu, in dawo ɗakina in murza makulli. Gara ya yi fushi da ni yana numfashi.