Bas Ɗin Farko Na Tsofaffi Ne

Litinin, 15 ga Afrilu

Nabila Na'Allah ta sake makara. Sau tara ke nan a wata guda. Mushe Salifu (Mushe, wato Malam a Faransance), surbeyan ɗinmu mai kula da ɗa'ar ɗalibai, ya ce Juma'a za a zauna a kanta, kuma kora yake nema. Saura 'yan makonni jarrabawar BEPC! Yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajina.

Ta ce minti arba'in take jiran bas kullum. Shi ya ce bas na wucewa ta Zongo duk bayan minti goma sha biyar, da idonsa yake gani. Dukansu biyu ban san su da ƙarya ba.

Talata, 16

Na bar babur a gida, na je wurin tsayawar bas ni kaɗai da sassafe, in auna da agogo. Rana ba ta fito sosai ba amma zufa har a gadon baya. Babu benci, babu inuwa. Na leƙa titi, na sake leƙawa. Da bas ya iso, da an tambaye ni sai in rantse na yi rabin awa. Agogo ya ce tara. Na girgiza shi, kamar wata sakara.

Laraba, 17

Yau tare da Nabila. Muna tsaye sai ga Hajiya Zalissa mai goro da ƙawayenta uku, kowa da kwandonta. Gaisuwa, ya gida, ya ƙafa, ta Hausa ta ƙare aka koma ta yaren Mooré. Hajiya ta ce, "Malama, yau ke ma kin zo makarantar tsayuwa? Mu nan mun kai digiri."

Bas ya zo. Nabila ta ja baya, ta miƙa wa kowace kwandonta, ni ma na kama ɗaya. Kafin mu juya ya cika, ya tafi. Na biyu muka shiga. A raina minti goma muka yi. Agogo: talatin da takwas.

Jiya tara ta zama talatin, yau talatin da takwas ta zama goma. To ni me zan je in shaida?

Alhamis, 18

Na tambayi Nabila me ya sa ba ta taɓa ambaton bas na farko ba. Ta dube ni da mamaki. "Madam, ai wancan ba nawa ba ne. Na su Hajiya ne."

Na ce ta fito da wuri mana. Ta ce wanda ke gabansa ma tsofaffin ne, masu dawowa daga masallaci.



Juma'a, 19

An zauna. Darakta ya tambaye ni kai tsaye: bas na zuwa ko ba ya zuwa? Na ce yana zuwa. Mushe Salifu ya gyara zama. Sai na ba da labarin kwanduna, ina ta kame-kame, rabi Faransanci rabi ban san me ba. Darakta ya ce shi ma haka aka rene shi, amma ƙararrawa ba ta san tsoho ba. In Nabila ta ƙara makara sau ɗaya tak, ta tafi.

A ƙofa na ce mata, "Daga Litinin, bas na farko naki ne. Ki sunkuyar da kai ki shige." Ni da bakina. Ni da ke koya musu ladabi tun suna ajin farko.

Litinin, 22

Na sake zuwa, ban san dalili ba. Bas ya iso, Nabila ta kutsa ta gefen Hajiya, kai a ƙasa, ko waiwaye babu. Ta shiga. Alhamdu lillahi, ina ji.

Ƙawayen uku sun samu wuri, Hajiya ba ta samu ba. Ta daɗe tana kallon bayan bas, sannan ta ce, "Ɗiyar gidan Na'Allah ce waccan?"

Na ce, "Hajiya, ni na sa ta."

Na ɗauki kwandonta na riƙe, ba ta hana ni ba. Muka tsaya har na biyu ya zo.

Mushe Salifu ya tare ni a ƙofar lakwal, wato makarantarmu, ana ta darasi, ya ce, "Madam, minti nawa yau?"

Na ce ban duba ba.